Amsa ga mai tambaya kan sulallan gwaji na Faransa

Salam Malam. Ka ce wani dillali ya kawo maka sulan santim 25 mai huji na Faransa, wai na gwaji ne, kana tambaya ko ka saya. Ni dai shawarata kar ka yi gaggawa, don na daɗe ina tara irin waɗannan.

Su sulallan gwaji samfuri ne da ma'aikatar buga kuɗi ta Faris, Monnaie de Paris, ke bugawa 'yan kaɗan kafin a amince da zane, yawanci za ka ga an rubuta ESSAI da ƙananan baƙaƙe a jiki. Ba a kashe su a kasuwa ba. To in ka ga sulai ya sha hannu har ya goge, kuma aka ce maka a adakar kaka aka tsinto shi, mai yiwuwa na mai zane Lindauer ne na gama-gari wanda aka fara bugawa a 1914, an buga su jibgi guda har sun yi yawo a ƙasashen da Faransa ta mallaka, ciki har da Nijar.

Inda abin yake da daɗi shi ne gasar 1913, lokacin da ake neman zanen sabbin sulallan nikel masu huji, masu zane irin su Pillet da Becker suka kawo nasu amma Lindauer ya cinye. To na waɗanda suka faɗi ɗin nan su ne masu wuyar samu, kuma wallahi na Pillet ya fi burge ni. Haka ma gasar 1929 da ta fito da faran 10 na mai zane Turin da faran 100 na zinariya na mai zane Bazor.

Ka nemi gilashin ƙara girma ka duba kalmar ESSAI ɗin sosai, na taɓa riƙe wani da aka ƙwanƙwasa masa baƙaƙen daga baya, ƙarfen gefensu ya ɗan taso kuma layin a karkace yake. Duba ƙananan alamun kuma, alamar ƙaho ta ma'aikatar da alamar sandar wuta ta Patey, babban mai zanen ma'aikatar, da ke kan sulallan wancan zamanin. Ka ɗora a sikelin 'yan gwal ka gwada da nauyin da kundin Gadoury, littafin bayanin kuɗaɗen Faransa, ya bayar.

Kuma don Allah kar ka wanke shi da toka ko lemun tsami, darajarsa za ta zube nan take. Turo mana hoton gaba da baya da bakinsa mu gani tukuna.