Autovacuum ya kwana biyu bai gama ba, a kashe shi?

Ɗan'uwa, ka ce autovacuum, mai share matattun layuka da kansa, ya kwana biyu yana juyi a kan babban teburinku na rumbun bayanai na PostgreSQL 11, kana son ka kashe shi. Dakata tukuna. Na taɓa yin wannan gangancin a wani wuri da na yi aiki. Na kashe shi cikin dare, kafin in ajiye kofin shayi ya sake tashi, ya koma sharar index, wato fihirisar teburin, tun daga farko.

Fara leƙa pg_stat_activity, inda ake ganin ayyukan da ke gudana a rumbun. In ka ga an rubuta "to prevent wraparound", teburin ya haura transaction miliyan 200 ba a daskarar da tsofaffin layukansa ba, wato ba a sa musu alamar sun tsufa don kada lambobin transaction su zagayo su rikita su ba. Irin wannan ba ya kauce wa kowa, ko ka rufe autovacuum gaba ɗaya sai ya tashi. Gara haka, don in lissafin ya doshi biliyan 2 rumbun zai daina karɓar rubutu.

Sai pg_stat_progress_vacuum, mai nuna inda sharar ta kai, wanda ke nan tun PostgreSQL 9.6. Nan ne nake zargin matsalarka take. Dubi index_vacuum_count, wato sau nawa ya zagaye index ɗin teburin. Idan maintenance_work_mem, memory ɗin da aka ware wa sharar, na nan a 64MB ɗinsa na asali, matattun layuka kusan miliyan 11 kawai yake ɗauka, da ya cika sai ya zagaye kowane index kaf, ya dawo ya ci gaba. Teburi mai index takwas kuwa, kamar kwashe shara ne da cokali. Ga kuma autovacuum_vacuum_cost_delay, birkin da ke sa shi ɗan tsayawa-tsayawa, 20ms ne a 11, sai a 12 aka sauke shi zuwa 2ms. Ƙara workers, wato masu sharar, ba ya magani, kason aiki ɗaya na 200 (vacuum_cost_limit) suke rabawa tsakaninsu.

In ka ga lambar index_vacuum_count tana ta hawa, a nan kaɗai zan yarda ka tsayar da shi, amma ka buɗe wani session, ka kai maintenance_work_mem 1GB, ka yi VACUUM VERBOSE da hannunka nan take, shi ba a taka masa birki. Ban da VACUUM FULL, zai kulle teburin ne ɗungurungum.

Kafin nan duba backend_xmin, pg_prepared_xacts da pg_replication_slots, su za su nuna ko akwai wani tsohon abu da ke hana a kwashe matattun layuka. Mu namu, wani ne ya bar session a "idle in transaction", wato ya buɗe transaction bai rufe ba, ya tafi hutun sallah. Shara ta gama, amma ba ta iya kwashe komai da ya mutu bayan shigarsa ba. Turo mana abin da waɗannan ukun suka nuna maka.