Ba waya ce ke kashe kokowa ba, ƙanena

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ya tambaya ko waya da TikTok ne za su kashe mana kokowar gargajiya tunda yaran yanzu ba su san kirari ba sai rawar bidiyo, bari in sa baki, don ni nan Tawa aka haife ni kuma tun ina ɗan lakwal nake bin fili.

Ni dai ban ɗora wa waya laifi ba. In ka dubi kokowar takobi, wato gasar ƙasa ta Nijar da ake ba zakara takobi, ai ba ta taɓa samun jama'a kamar yanzu ba. Nan Tawa aka fara ta a 1975 zamanin Seyni Kunce, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, lokacin wanda bai samu zuwa ba sai dai ya kasa kunne ga rediyo. Yau jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokowa 10, gidan talabijin na ƙasa Tele Sahel na nunawa kai tsaye, kuma kafin wanda aka kayar ya kakkaɓe ƙasar jikinsa bidiyon ya isa Abijan da Libiya ta WhatsApp. Yaron da bai taɓa taka filin kokowa na Hamidin Maidare da ke nan Tawa ba ya san Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau 6. To wannan wayar ce ta kai masa.

Abin da ke damuna can ƙasa yake, a ƙauye. Ɗan kokowa ba a filin gwamnati ake haifarsa ba. Da kaka in an gama yankan hatsi an ɗaure damma an cika rumbu, samari sun ƙoshi da fura, da dare ga farin wata sai ka ji ganga daga dandali, wannan gari ya tashi ya tafi wancan gari, yara ƙanana su fara buɗe fili kafin manya su shigo da walki da layu, a can ne yaro ke koyon kamu da yadda ake tsayuwa da yadda ake shan kaye a tashi a rungumi wanda ya kayar da kai ba tare da gaba ba. Ba wanda ke biyan kowa, goro ne da ɗan abin da 'yan mata da dattawa suka miƙa. Yanzu fa ka je ƙauyukan Keita ko Buza ko Illela bayan girbi ka ƙirga samarin da suka rage. Damina in ba ta yi kyau ba, kafin hatsi ya shiga rumbu sun hau mota, wasu Abijan wasu Aljeriya wasu Libiya wasu wurin haƙar zinariya. Ban ga laifinsu ba wallahi, mu mutanen Adar da cirani muka gina gidajenmu, amma wa zai shiga dandalin?

Sai maganar makaɗa, wadda ita ta fi ci mini rai. Kirarin da kake cewa yara ba su sani ba ai ba daga sama yake faɗowa ba, makaɗi ne ke riƙe da shi, shi ya san wane jikan wane ne, kakansa ya kayar da wa a wane gari, yana taɓa ganga ɗan kokowa ya ji tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kururuwa. Na san wani tsoho makaɗi a unguwarmu da 'ya'yansa maza duk ba wanda ya gaje shi, ɗaya na kabu-kabu ɗaya na Yamai yana sayar da kayan waya, kuma da na tambayi ƙaramin ya ce mini baba kiɗa ba ya ciyar da gida yanzu, biki ma sai a ɗauko mai na'ura ya sa waƙa a lasifika a sallame shi da 'yan jikkuna. Gaskiya ya faɗa. Ɗan kokowar da ya ci takobi yana tafiya da miliyoyi, makaɗin da ya yi kwanaki yana zuga shi cikin rana da ƙura sai abin da aka liƙa masa. Haka 'yan cali-cali masu sa mutane dariya tsakanin karawa.

Don haka ƙanena in da gaske abin ya dame ka, wayar nan da ke hannunka ita za ka yi aiki da ita. Ka samu tsohon makaɗin garinku ka gaishe shi da goro da abin da ya sawwaƙa, ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa yana jero kirarin 'yan kokowar da, ka tambaye shi sunayen garuruwansu ka rubuta, ka turo mana nan. Masu hali cikinmu kuma, musamman 'yan uwa da ke waje, in kun tashi aiko da kuɗin ƙwallon samari na hutu ku ware wani abu a sa rago ko buhun hatsi a kokowar kaka ta gari, a kuma yanke wa makaɗa nasu kason tun kafin a fara.