Sauri, hanzari da juyi: amsar tambayoyinku

Wata ɗaliba daga unguwar Zariya a nan Maradi ta rubuto: "Malam, awon motsi da Faransanci ake koya mana shi a darasin fizik. In na zo bayyana wa ƙannena da Hausa, sauri da hanzari sai su cakuɗe mini. Ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, ɗiyata. Sauri shi ake aunawa: nisan da abu ya ci, a raba da lokacin da ya ɗauka. Motar da ta kama hanyar Damagaram ta ci kilomita 240 cikin awa 4, matsakaicin saurinta kilomita 60 ne a awa, har da tsayawar da ta yi a Tasawa. A nan ne "sauri ya haifi nawa" ke da gaskiyar lissafi, domin direban da ya zabga gudu har taya ta fashe, zaman facin ma yana cikin awon. Ki lura, "nawa" ɗin nan jinkiri ne, ba na tambayar farashi ba.

Hanzari kuwa halin mutum ne, zafin nama da saurin tashi ga aiki. Mai cewa "wani hanzari ba gudu ba" ma yana zaune, magana zai kawo. Shi ya sa ban goyi bayan masu ɗora hanzari a kan yadda sauri ke hauhawa ba. A ce ƙaruwar sauri, yaro zai gane nan take. Dutsen da aka saki cikin rijiya, kowace daƙiƙa saurinsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa.

Sai wani bakanike daga Sabon Gari da ya tambayi bambancin juyi da kewaye.

Ɗan'uwa, kai ne ma ka fi ni ganinsu kullum. Juyi shi ne abu ya wulwula a kan gindinsa, kamar mazari a hannun mai kaɗi. Kewaye kuwa sai an zagaya wani abu dabam. Duniya duka biyun take yi: juyi cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ta kuma kewaye rana cikin kwana 365 da rubu'i.

Juyi da kusurwa ake auna shi, ba da mita ba. Cikakken juyi digiri 360 ne, ko radiyan 6.28 a awon masana, kuma ɗaya daga cikin alluran da ke gaban direba juyin inji a minti take ƙirgawa. Abin da ke rikita ɗalibai yana jikin taya: bakinta da kusa da cibiyarta juyinsu ɗaya, amma bakin ya fi sauri, tunda da'irar da yake ci ta fi faɗi.

Ƙarfin da ke haddasa juyi, ni ƙarfin murɗa nake kiransa: ƙarfin hannu sau tsawon abin da aka riƙe. Dalilin ke nan da kake zura bututu a hannun sifana in noti ya ƙi kwancewa. Ka ninka tsawon, ka ninka murɗar, alhali ƙarfin damtsenka bai ƙaru ba.