Tambaya da Amsa: Wa ya zana gidan wasan Sidni?

Tambaya: Malam, gidan wasan nan na Sidni (Sydney Opera House) mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa, ɗan Ostareliya ne ya zana shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: A'a, Malama, mutumin Denmak ne, Jørn Utzon. An haife shi a Kofanhegan a 1918, ya tashi a Aalborg, inda mahaifinsa ke aikin ƙera jiragen ruwa. Ɗan na gada ke nan.

A 1957 zanensa ya lashe gasa cikin zane 233, lokacin ba kowa ya san shi ba. Sai dai zane daban, gini daban. Rufin nan ya hana injiniyoyi barci shekaru, har Utzon ya gano cewa duk ɓangarorin za a iya yanko su daga jikin ƙwallo guda, kamar yadda ake ɓare lemo. Ni dai a nan nake sara masa.

Kuɗi ne ya kawo cikas. An ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7, aka ƙare a miliyan 102. Suka yi ta kai ruwa rana da gwamnatin jihar New South Wales, inda Sidni take, a 1966 ya ajiye aikin ya bar ƙasar. Sarauniya Elizabeth ta buɗe ginin a 1973, ko sunansa ba a ambata a bikin ba.

Shi ne kuma ya zana ginin Majalisar Dokokin Kuwait. Ya samu lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2003, ya rasu a 2008 bai taɓa komawa Sidni ya ga gidan wasan da idonsa ba.