Na sabunta Windows, kwamfutata ta daina hawa intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun da na sabunta Windows, kwamfutata ta ƙi hawa intanet. Tana kama Wi-Fi, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa, alhali wayata tana aiki da shi lafiya lau. An ce mini sai an goge komai an zuba sabuwar manhaja. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka yarda a goge maka komai tukuna, abin bai kai nan ba. Tunda waya tana hawa, na'urar Wi-Fi ɗin lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin kwamfutar. Galibi sabuntawa takan canza direban katin Wi-Fi, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, ko ta birkita saitin hanyar sadarwa.

Fara da kashe VPN, wato manhajar da ke bi da haɗinka ta wata hanya don ɓoye shi, da manhajar kariya daga virus, in kana da su. Su kan tsaya tsakanin kwamfuta da intanet, kuma sau da yawa ba sa jituwa da sabon tsari.

Sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a matsayin administireta (mai cikakken iko a kan kwamfutar), ka rubuta ipconfig. Duba lambar adireshin da ya fito. Idan ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga na'urar Wi-Fi ba, ita ta ba kanta. Rubuta netsh winsock reset, sai netsh int ip reset, ka kashe kwamfutar ka kunna. Idan kuwa adireshin bai fara da 169.254 ba, rubuta ping 8.8.8.8 don gwada ko kwamfutar tana isa intanet. Ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa? To laifin DNS ne, mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, kuma ipconfig /flushdns kan warware shi.

In duk wannan bai yi ba, ni direban zan zarga. Shiga Device Manager, wato jerin na'urorin da ke cikin kwamfutar, nemo katin Wi-Fi a ƙarƙashin Network adapters, buɗe Properties, sai Driver, ka danna Roll Back Driver ya koma tsohon. Idan maɓallin a dushe yake, yi amfani da wayarka ka sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka tura mata da kebul.

Akwai kuma Network reset a cikin Settings, mai mayar da saitin hanyar sadarwa yadda yake tun farko, sai dai zai mantar da kwamfutar duk kalmomin sirrin Wi-Fi, don haka ka tanade su. Kada kuma ka yi jinkiri: bayan babbar sabuntawa, kwana 10 kacal Windows ke ba ka damar komawa tsohon tsari ta sashen Recovery.