Ƙanwata, hijabinki ba shi ne matsalar ba, ku binciki takardun maigida

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce abokiyar aikinki ta gaya miki Amurka ƙasar Kirista ce, Musulmi za a fara kwashewa, ga takardun maigidanki ba su fito ba, shi ne kike tambaya ko ki ajiye hijabi, shi kuma ya dakata da zuwa Juma'a har ƙura ta lafa. Sannan wani ya ba ku shawarar a rubuta cewa kun koma Kirista, a nemi mafaka da wannan. Da na zo kan wannan magana ta ƙarshe sai jikina ya yi sanyi, domin ita aka taɓa yi wa ƙanina a nan Bronx, a birnin New York.

Don girman Allah kada ku yarda. Ko an ajiye maganar imani a gefe, dokarsu ta ce idan alƙali ya tabbatar mutum ya shirya ƙarya da gangan a takardar neman mafaka, an rufe masa ƙofar samun takardun zama har abada. Ba shekara biyar ba, ba goma ba.

Mutumin da ya kawo mana wannan shawara ba bare ba ne, namu ne, Hausa yake ji kamar ni da ke, sahun gaba yake a masallaci, kowa Alhaji Alhaji. Ba lauya ba ne, dillalin takardu ne kawai mai ɗan ofis da kwamfuta. Ƙanina ya ce shi kam gara a mayar da shi gida da ya rubuta ya bar addininsa. Alhaji ya ce babu damuwa, akwai wata hanya. Ya karɓe kuɗin da yaron nan ya tara yana tuƙin tasi dare da rana, ya cike takardu da Turancin da ƙanina bai iya karantawa sosai ba, ya nuna masa inda zai sa hannu. Ashe adireshin ofishinsa ya rubuta a ciki. Da aka tura maganar kotun shige da fice, sammacin ya je wurinsa, shi kuma yana can gida yana duba ginin da yake yi da kuɗin mutane. Ranar zama ta zo ta wuce, alƙali bai ga kowa ba, ya yanke hukuncin a tasa ƙeyar ƙanina. Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba sai ranar da aka kama shi.

Wannan dare ba zan manta shi ba. Matarsa da tsohon ciki, tana zaune a ƙasan kicin ɗina tana kuka, wayarsa a kashe, ba mu san inda aka kai shi ba. Ga mahaifiyarmu tana ta kira daga gida, ni kuma ina ce mata yana wurin aiki. Washegari na je wurin Alhaji, na tarar ya dawo, yana shan shayi. Kin san abin da ya ce mini? Wai Hajiya a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara! Ambulan ɗin kotu yana cikin durowarsa ko buɗe shi bai yi ba, na gani da idona. Na ce ya dawo mana da kuɗin mu ɗauki lauya, ya ce aiki ai an yi. Har yau ina haɗuwa da shi a wurin suna da ɗaurin aure, ya sha babbar riga, ana ba shi lasifika ya yi addu'a. Manya suka ce in rufa asiri, wai kada a ce mun kai ɗan'uwa Musulmi ƙara wurin Turawa. To shi da ya jefa ɗan'uwa Musulmi a tsare fa? Ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wadda ta fitar da ƙanina kuwa wata dattijuwar lauya ce daga ofishin taimakon baƙi na wani coci, ga gicciye a wuyanta. Ba ta taɓa tambayarmu addininmu ba, illa da azumi ya zo ta riƙa sa mana lokacin ganawa da safe. Ita ta shigar da buƙatar a sake buɗe shari'ar bisa hujjar cewa sammaci bai iso hannunsa ba. Kuma da ya fito ya ce mana ɗakin da aka tsare su yawanci mutanen Gwatamala ne da Honduras da Meziko, Kiristoci, wasu da carbinsu na Katolika a hannu. Kiristancinsu bai hana a sa su a jirgi ba.

Ba wai abokiyar aikinki ta ƙago maganar daga kanta ba ce. Akwai masu wannan ra'ayi, kuma suna da yawa, suna da ƙuri'a. A 2022 cibiyar bincike ta Pew ta samu kashi 45 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin ya kamata ƙasar ta zama ta Kirista, kodayake ba abu ɗaya dukkansu suke nufi da hakan ba. A 2018, lokacin da ake raba yara da iyayensu a kan iyaka, ministan shari'a Jeff Sessions ya jawo aya daga Baibul, Romawa sura 13, yana kare abin da cewa a bi hukuma. Mun ga dokar hana shigowa da Trump ya sa a Janairun 2017 kan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi, har da Sudan da Somaliya, daga baya aka saka Chadi na ɗan lokaci, a 2020 aka ƙara Najeriya. Amma lura, ta Najeriya ba ta ware kowa ba. Maƙwabciyata 'yar Filato, mai waƙa a coci, bizar mahaifiyarta ta maƙale daidai yadda ta mutanenmu ta maƙale, sai da Biden ya soke dokar a 2021. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana kwaso rigimar addini ta gida ana zubewa a zauren nan. Layi ɗaya muke bi a kotu, mu da su.

Kundin tsarin mulkinsu kuwa, tun gyaran farko na 1791 ya hana gwamnati ta kafa addinin ƙasa. Akwai ma yarjejeniyar da suka yi da Tarabulus ta Libiya, wadda majalisar dattawa ta amince da ita a 1797, a ciki aka rubuta cewa gwamnatin Amurka ba a kan addinin Kirista aka gina ta ba. Kuma su kansu Kiristocin kansu a rabe yake. Washegarin rantsar da Trump a Janairun 2025, Bishop Mariann Budde ta dube shi a cikin babban cocin Washington ta roƙe shi ya ji ƙan baƙi masu jin tsoro. Wata guda bai cika ba Fafaroma Francis ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka yana sukar korar mutane jimla. Da gwamnati ta janye ƙa'idar da ke hana jami'an ICE, wato masu kamen baƙi da korarsu, kamu a wuraren ibada da makarantu da asibitoci, coci-coci ne suka yi gaba wajen kai ƙara, domin su ma kujerunsu sun fara zama wayam ranar Lahadi.

Hijabi dai jikinki ne, ke kika san unguwarku, ba zan yanke miki hukunci ba. Ni ban cire nawa ba. Amma ko kin cire, abin da ke cikin kwamfutarsu game da maigidanki bai canza ba. Yau ɗin nan ku ɗauki lambar A ɗinsa, wato lambar fayil ɗinsa ta shige da fice mai farawa da harafin A, ku duba shafin intanet na kotun shige da fice, ku ga ko yana da ranar zama ko an riga an yanke wani hukunci bai sani ba. In kun taɓa tashi daga gida, kotu kwana 5 ta bayar a sanar da ita sabon adireshi, hukumar takardu kuma kwana 10, kuma daban-daban ake sanar da su. In jami'an ICE sun ƙwanƙwasa ƙofa kada ku buɗe, ku ce a turo takardar izinin da suka zo da ita ta ƙasan ƙofa, ku duba ko alƙali ne ya sa hannu, domin wadda jami'insu ya sa wa hannu ba ta ba su ikon shiga gida ba sai kun yarda. Ku koya wa yara wannan, su ne masu rugawa ƙofa. In an tsare shi ya yi shiru, ya ce yana son lauya, kada ya sa hannu a komai ko an ce masa zai fi saurin fita. A wannan kotu gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta, saboda haka ku nema tun yanzu, irin su Catholic Charities, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, suna yi da sauƙin kuɗi ko kyauta, kuma ba sa tambayar wace alƙibla kike kallo.

Ku yi hoton fasfo da takardun haihuwar yara ku ajiye wurin wani amintacce, ku kuma tsayar da wanda zai ɗauko su daga makaranta in wani abu ya faru. Sannan don Allah kada ki saka lambar A ɗinsa ko hoton takardunsa a zauren nan, ba ki san waye ke karantawa ba. Ki yi mini magana ta gefe bayan Isha'i, ki kuma gaya mini ko mai ba ku shawarar nan ya riga ya karɓi wani abu a hannunku.