Fitilar gaba ta Golf 2 da ke ɗaukewa tana dawowa

Ka ce: "Maigida, Golf 2 ɗin nan fitilarta tana ɗaukewa a hanya ta dawo da kanta, na canza ƙwai amma ba ta daina ba. Ina zan duba?"

Ɗana, kafin ka kwance komai, tambayi mai motar: ido ɗaya ne ke mutuwa ko biyun tare? A Golf 2 kowane gefe da nasa fiyus, na babbar wuta daban, na ƙarama daban. In gefe ɗaya ne, laifin yana tsakanin fiyus ɗinsa, soket da wayar bodi, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. In biyun ne lokaci guda, rabu da ƙwai, koma wajen makunni.

Fara da soket. Ƙwan motar nan, wanda ake kira H4, ƙafa uku gare shi, wat 60/55. Masu mota kan sa na wat 100 don ƙarin haske, shi kuwa yana jan kusan amfiya 8, na asali wajen 5 yake ja. Zafin sai ya narkar da robar, bakin ƙarfen ya saki, mota na shiga gargada wuta ta ɗauke. In ka ga robar ta yi baƙi, yanke ta ka sa sabuwa. Matse ta da filaya ba ya wuce kwana biyu. Kuma kada ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa.

Wayar bodi ita ce mai ruwan ƙasa. Kwance ta, kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam, ka shafa giris.

Yanzu awo, kuma a nan yara ke ɓata rana. Kada ka auna da fitila a kashe: waya da ta saura sili biyu za ta nuna maka bolt 12 lafiya lau, sai an ɗora mata kaya ta gaza. Ta da inji, kunna fitila, ɗauko mitar awon wuta, sa tsinkenta ɗaya a kan fulos na batir, ɗayan a ƙafar ƙwan da ke ci. Abin da ya wuce bolt 0.5 asara ce a hanya. Tsakanin ƙafar bodi da mainos na batir kada ya wuce 0.2. Kana kallon mita, ka riƙa girgiza wayoyi taƙi-taƙi, ka taɓa fiyus, inda lamba ta yi tsalle nan ciwon yake.

In biyun ke ɗaukewa, ka sani motar nan ba ta da rile na fitila, wato ɗan makunnin lantarki mai ɗauke wa makunnin hannu nauyin wuta, wutar duka ta cikin makunni take bi, har da na ki. Motsa ki a hankali fitila na ci, sannan sandar jikin sitiyari. Wanda ya sa haske ya ƙifta, shi za ka canza. Bayan haka ka ƙara rile biyu, da waya mai kauri daga batir da fiyus nata, makunnin ya huta. Fiyus kuwa, kada in ga ka naɗa masa waya.